Shekarar da Yayarku Ta Auna Igiya

Na sha jin ku, ku ƴaƴan Hadiza, kuna cewa yayarku ta Damagaram mai girman kai ce. Wai in ta zo Gure kwana biyu take yi ta ɗaure kaya, ba ta zama hira a tsakar gida, ba a taɓa ganin haƙorinta ba. Ina ji na yi shiru, shirun nan nawa kuwa shi ya ɗaure muku gindi. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma idona ya fara gajiya da takarda, saboda haka gara in faɗa muku abin da ya faru tun kafin a haifi ko ɗayanku. In akwai mai laifi a cikin wannan magana, to shi ne yake riƙe da alƙalami.

A lokacin ina mushe a lekol, wato malamin makarantar boko, ina riƙe da aji biyar. Ƙarshen damina ne zazzaɓi ya kama Fanna, matata ta fari, tana da tsohon ciki. Kwana huɗu ta yi, ta tafi da abin da ke cikinta. Ta bar mini yarinya ɗaya tal mai shekara goma sha ɗaya, wato yayarku. Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar ƴaƴanku kuna ta hoto da su a waya ba za ku gane yadda muke ba. Ita ce ƴar fari, sannan sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa kowa yake ce mata Yagana, yadda mu Barebari muke sakaya sunan uwa. Kunya biyu ke nan ta hau kaina. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba. In ina son ruwa sai in ce a gaya wa yarinyar nan, alhali tana tsaye tana ji. Kuma kada ku ɗauka dole aka yi mini, alfahari nake yi da abin, don mutane suna cewa Mushe Bukar duk da karatun nasara bai zubar da kunya ba. Da Fanna tana raye abin bai cutar da kowa ba, ita ce take kai magana tsakaninmu. In na sayo wa yarinyar takalmi, Fanna za ta ba ta, ta kuma dawo mini da godiyar har da ƙari. Da aka binne ta sai na ga ashe ban san yadda ake yi wa ƴata magana ba.

Gidan ya koma mu uku, ni da ita da mahaifiyata, kakarku. Kakarku mace ce mai ƙarfin hali, ta binne ƴaƴa huɗu da miji, ta'aziyyarta ba ta wuce kalma biyu. In ta ga yarinyar ta tasa tuwo a gaba ba ta ci, sai ta ce:

"Ci, Yagana. Tun kafin a haife mu ake mutuwa."

Ita kuwa ba ta ci. Ta rame, ta daina zuwa wasa, ta daina magana sai an tambaye ta. Ga shi a shekarar a ajina take, benci na uku kusa da bango. Ko wajen kiran suna da safe, in na zo kan nata sai in yi gyaran murya kawai, ita kuma ta amsa. Da, yara dariya suke yi wa wannan abu. A shekarar ko su sun daina, don muryar da take amsawa da ita ba ta fi ta sauro ba. Ina ganin haka kullum, raina yana ɓaci, in koma gida in wuce ta a tsakar gida kamar ban gan ta ba.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da ake tashi hutun azahar, na zauna a aji ni kaɗai da sabon kaye, wato littafin rubutu, da jan bik, biron da nake gyaran aikin yara da shi. Ban yi niyyar rubuta littafi ba, hannuna ne ya fara. Labarin yara uku ne, Gambo da Kalla da wata yarinya marainiya mai suna Ladi, da suka faɗa tsohuwar rijiyar unguwarmu, wadda ke bayan masallaci. A ƙasanta suka tarar da wani gari da yashi ya binne tun zamanin kakanni, mutanensa duk fatalwa ne, amma ba su san sun mutu ba, suna nan suna ban ruwa a lambunansu na kwari suna jayayya a kan dabino. Wani tsohon fatalwa mai haƙar rijiya ya karɓi yaran ya koya musu sihiri. Gambo ya iya ɗaure iska a cikin burgami, Kalla yana rikiɗa ya zama hawainiya amma kullum wutsiyar ta ƙi komawa, Ladi kuma ita aka ba igiya. Rijiyar nan, iya zurfinka iya nisan zamanin da ka koma. Ba su da hanyar gida sai su hau igiyar gaba-gaba, wato tsawon hannu biyu a buɗe, kowace gaba da zamaninta da mutanenta da masifarta. Gaba ta ƙarshe kuwa, wadda ke dab da baki, ita ce bara, shekarar da uwar Ladi take da rai.

Ranar Juma'a, sa'ar ƙarshe bayan la'asar, na rufe ƙofar aji na karanta musu gaba ta farko. A lokacin yaro in ya yi Hausa a lekol sai ya sha bulala, ga mushe da kansa yana zuba ta. Direkta, shugaban makarantar, ya ji, ya kau da kai, daga baya ma har yakan zo ya jingina da taga wai shan iska. Yara sittin da wani abu, ko tari babu mai yi. Kowace Juma'a gaba ɗaya nake hawa da su. Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: mutum ɗaya nake yi wa karatun nan, sauran sittin ɗin labule ne. Duk abin da na kasa gaya mata a gida sai in sa a bakin tsohon fatalwa ya gaya wa Ladi. Shi ne yake ce mata ta ci abinci, shi ne yake ce mata kuka ba laifi ba ne, shi ne yake ce mata ya ga ƙoƙarinta. Ina karantawa ina kallon taga, ban taɓa juyawa wajen benci na uku ba.

Abin kuwa ya yi aiki. Ta fara cin abinci. Ranar Juma'a tun da safe za ka ji tana ƴar waƙa wajen shara. In ta share ɗakina nakan tarar an karkaɗe kayen an daidaita shi a kan akwati, amma ba a buɗe ba, na san haka don ina sa tsinke a ciki. Kakarku ta lura, ta taɓe baki ta ce ko wane malami ne ya yi wa jikarta rubutu, ya iya aiki. Na yi kamar ban ji ba, amma ranar har ƙarin tuwo na yi.

Ruwa ba ya tsami banza, wajen tsakiyar shekara magana ta fara yawo a gari. Yara sun kai labarin gida. Wani ya ɗaure bakin burgamin ubansa yana bin awaki wai zai sake musu guguwa, wata ta ƙi zuwa ɗiban ruwa wai fatalwa za ta gaishe ta. Aka fara cewa Mushe Bukar yana koya wa yara bokanci da kuɗin gwamnati. Malam Kiari, limamin unguwarmu, mutum ne mai sanyin hali, bayan sallar azahar ya riƙe hannuna ya ja ni gefe.

"Mushe, tatsuniya ba haram ba ce, mu ma da ita muka tashi. Amma tatsuniyar iyayenmu ba ta cewa matacce yana nan ƙarƙashin rijiyar bayan masallaci. Ka sa wa abin wuri, ka sa masa suna. Yaro ba ya raba wasa da gaske."

Na ce na gode, na kuwa ci gaba da abina. Ina ganin na fi su sanin yara, shekara goma sha biyar ina cikin ƙurar alli.

Ran wata Asabar da hantsi ina zaure ina gyaran dikte, wato shiftar yara, sai ga kakarku ta shigo tana jan yarinyar da hannu ɗaya, mayafinta a kafaɗa, tana haki. In ta fusata Barbarci take komawa, sai da ta zazzage shi tas sannan ta dawo Hausa don maƙwabta su ji.

"Ka ga aikinka? A bakin rijiya na same ta, ita kaɗai. Ta zare igiyar guga duka ta shimfiɗa a ƙasa, tana aunawa da hannuwanta gaba-gaba, tana leƙa ciki. Ka gaya mata uwarta tana gaba ɗaya daga baki, me kake so ta yi? Ka kashe mini ita da alƙalami, Bukar?"

Na dubi yarinyar, karon farko da na dube ta sosai a shekarar. Kanta a ƙasa, tafin hannunta duk laka. Gabana ya faɗi faɗuwar da bai yi ba ko ranar da Fanna ta cika. Na ga igiyar, na ga bakin rijiyar da ya sha guga har ya yi santsi, na ga ana fito da ita. Da na ce mata, ke, me kike aunawa, da magana ta ƙare a nan. Kalma huɗu ce. Amma uba ba ya titsiye ƴar fari da tambaya a gaban uwarsa, don haka na mayar da idona kan dikte na ce a kai ta ciki.

Kwana biyu bayan haka sai ga yayana Alhaji Mamadu ya sauka daga Damagaram da motar kanwa. Kakarku ce ta aika masa. Muka zauna mu uku a ɗakinta. Yaya Mamadu bai taɓa yarda da karatuna ba, ranar kuwa ya samu abin da yake nema.

"Tun farko na ce a ba ni yarinyar nan. Ƴar fari a hannun ubanta, ina aka taɓa yi? Uwar ce ta hana, Allah ya jiƙanta. Ga shi ba ka iya ce mata ci kanki, sai ka cika mata kai da matattu. Ka rufe takardun nan, in tafi da ita. Gidana akwai mata, akwai yara, babu rijiya, famfo gare mu."

Kakarku tana kuka ba sauti, ta ce ita ma ba don ranta yana so ba, amma ƙafafunta ba za su iya bin yarinya duk inda ta nufa ba. Na so in ce a bar ta zuwa ƙarshen shekara. Gaba shida suka rage, kuma na riga na san yadda zan ƙare: Ladi za ta ga uwarta tana daka, ta kasa taɓa ta, uwar ta ce mata hau ki tafi, ana jiranki a sama. Amma in na roƙa a bar ta, na nuna ina son ƴata ke nan a gaban yayana da mahaifiyata. Ga kuma tsoro, tsoron gaske. Na ce duk yadda suka gani. Na ɗauko kaye huɗu da na cika na miƙa wa kakarku na ce ta sa a murhu.

Da yammacin ranar yarinyar ta zo zaure da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba sai an aiko ta. Ta tsaya ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Baba."

Na ce, "Mene ne?"

"Ranar Juma'a za a hau gaba ta gaba?"

"Labari ya ƙare. Je ki taya kakarki aiki."

Ta ƙara tsayawa kaɗan, sannan ta juya. Ranar Juma'a na ba yara lissafi a sa'ar ƙarshe, aji ya cika da guna-guni, na daki tebur aka yi tsit. Ranar Lahadi aka sa ta gaban motar kanwa da ƙullin kayanta. Ban raka ta tasha ba, ba a yi. Ina bayan zana ina jin ƙarar injin har ya ɓace wajen hanyar Damagaram, sannan na shiga ɗakina na rufe ƙofa da rana tsaka.

Mutane sun yaba mini. Malam Kiari ya ce na yi abin da ya dace, iyayen yara suka koma gaishe ni da fara'a. Ni ma na yi shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa na ceci ranta. Ta yi sartifika, jarrabawar gama firamare, a can, ta yi kwalej, aka yi mata aure a gidan Yaya Mamadu, shi ya zama waliyyi. Bayan shekara biyu da tafiyarta na auri mahaifiyarku, kuka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ku kam ba ƴan fari ba ne, babu kunyar da ta hana ni. Na ɗora ku a wuya zuwa kasuwa, na kai ku lambu a kwari kuna tsintar dabino, na kira ku da sunayenku har da na tsokana. In ta zo hutu tana zaune a gefe tana ganin wannan duka. Ku kun ga mace mai ɗaure fuska. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ita take gani ba.

Da kakarku ta rasu, yayarku ta zo zaman makoki, lokacin ta haura arba'in, ƴarta ta fari ma ta isa aure. Mata suna fito da kayan tsohuwa sai aka tarar da kayen nan huɗu a ƙasan adakarta, naɗe cikin tsohon zane. Ashe ba ta ƙona ba. Safiyar da yayarku za ta koma, ina zaure a kan tabarma ni kaɗai, baƙi ba su fara zuwa ba, sai ta shigo da su a hannu. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, ta tura su gabana. Gara ta ci gefen ɗaya, jan bik ɗin ya koma ruwan ƙasa.

"Baba, ina so in tambaye ka abu ɗaya. Me na yi a shekarar nan?"

Na ce ba ta yi komai ba. Tsufa ya ɗan sassauta mini harshe, sai na samu kaina ina bayani, ina kallon kayen. Na ce kakarta ta same ta tana auna igiya, na ji tsoro kada ta ɗauki labarin da gaske ta sauka neman uwarta, na ga gara ta yi nisa da rai da ta zauna kusa in rasa ta.

Sai ta yi wata ƴar dariya, irin wadda gara kuka da ita.

"Baba, ni na riƙe wa mata buta ranar da aka yi wa Inna wanka. Na ga an ɗaure mata haɓa. Shekarata goma sha ɗaya, na san inda take, ba a rijiya ba."

"To igiyar fa?"

"Ka ce kowace Juma'a gaba ɗaya, amma ba ka faɗi zurfin rijiyar ba. Na je in auna ne in san Juma'a nawa ta rage mini. Na samu shida. Har na yi murna, na ɗauka biyu ne ko uku."

Ta gyara mayafinta, muryarta ba ta ko rawa.

"Tun ranar farko na gane da ni kake. Duk ajin ma sun gane, shi ya sa ba sa juyowa su kalle ni. A sati sa'a ɗaya ce nake da uba. Da na zo zaure ran nan, ba labarin Ladi ne ya dame ni ba, na ji ana maganar tafiya. So nake ka ce in zauna, ko sau ɗaya."

Wallahi maganar tana bakina. Shekara talatin ina da abin da zan ce mata. Sai yaron mota ya yi sallama daga waje ya ce ana jiran Hajiya, kujera ɗaya ta rage. Na ji kaina ina cewa Allah ya kiyaye hanya, a gaida maigidanta da yara. Ta ce amin, ta dafa bango ta miƙe, don gwiwa ta fara damunta, ta fita.

Sai da motar ta tashi na lura da abin da na yi. Duk tsawon maganar nan a durƙushe take a kan turɓaya, ni kuma ina kan tabarmar da za ta ɗauki mutum huɗu. Na ce in ta dawo da babbar Sallah zan gyara. Kafin Sallar aka bugo waya daga Damagaram, wai ta cika.